Kada takardar gwajin hapis ta kashe aure

A ganina, karɓar sakamakon gwajin jini na cutar hapis tamkar hukuncin alƙali ganganci ne. Hapis dai ita ce ƙurajen nan masu ruwa da ke fesowa a leɓe ko al'aura. Gwajin jinin ba ƙwayar cutar yake gani ba, alamar garkuwar da jiki ya haɗa yake nema, kuma yakan ruɗe. Nau'in HSV-1 mai kawo ƙurajen leɓe yana jikin yawancin mutane, galibi tun yarinta, kuma yakan sa gwajin HSV-2 na al'aura ya ce akwai, alhali babu.

Hukumar CDC ta Amurka ta ce idan lambar sakamakon ta faɗo tsakanin 1.1 da 3.0, sai an tabbatar da wani gwaji daban. A 2023 ma hukumar FDA ta gargaɗi likitoci kan irin wannan sakamakon na ƙarya.

To amma a unguwanninmu, inda kowa ya san kowa, takarda ɗaya ta isa a fasa baiko ko miji ya zargi matarsa da abin da ba ta aikata ba. Wa zai wanke ta bayan magana ta bazu?

Jama'a, in an ba ku irin wannan sakamako, ku tambayi lambar, ku nemi a sake gwaji. In akwai ƙuraje, a ɗebi ruwansu a gwada, shi ya fi tabbas. Kafin nan, a kama baki.