Daga Bakin Shago: MBA Iri Biyu, Wanne Ya Dace Da Ɗanka?



Larabar da ta wuce, ana tsaka da cin kasuwar Nima, wani aminina mai sarin shinkafa da man girki ya ja ni gefe. Ya ce, "Alhaji, yaran nan sun sa ni a tsaka mai wuya." Babban ɗansa, wanda ya shekara 9 yana riƙe da sito da lissafin kayan da ake fitarwa daga tashar jirgin ruwa ta Tema, yana son digiri na biyu a fannin kasuwanci, wato MBA. Ƙanwarsa da ta gama hidimar ƙasa bana, ita ma shi take so. Kuɗin mutum ɗaya ne a hannu, kuma daga jari za a gutsura.

Ni ban taka jami'a ba, amma matambayi ba ya ɓata. Karatun nan iri biyu ne. Akwai na asali, wanda aka fara a Jami'ar Harvard ta Amurka a 1908. Ɗalibi yakan ajiye aiki, ya yi kamar shekara 2 yana zuwa aji a ranakun mako. Akwai kuma na masu riƙe da aiki, EMBA, wanda Jami'ar Chicago ta soma a 1943. Shi wannan da yamma ake yin sa, ko ƙarshen mako, ko a tara darussa cikin 'yan kwanaki. A nan Ankara, makarantar kasuwanci ta Jami'ar Gana da ke Legon tana da duka biyun, GIMPA da ke Achimota ma tana koyar da ma'aikata irin wannan karatu. Kowanne ka zaɓa, yawanci sai da digirin farko.

To ina bambancin ga ɗan kasuwa? Kuɗin EMBA yakan fi yawa, kuma ba a cika ɗaukar wanda bai yi shekaru yana aiki ba, domin rabin karatun daga bakin abokan aji yake fitowa: manajan banki, mai kamfanin sufuri, jami'in gwamnati. Wanda bai taɓa biyan albashi ko bin bashi ba, me zai kawo wa wannan zama? Na asali ya fi sauƙin kuɗi, amma ka lissafa shekara 2 babu yaron a shago, ga kuɗin wanda zai tsaya a madadinsa, ga amanar da ba a saye a kasuwa.

Na ce wa aminina, "Alhaji, a ganina babban ya fara. Abin da ya koya ranar Asabar, Litinin yana cikin littafin sito. Amma fa Asabar ranar ciniki ce, ka shirya tsayawa da kanka." Ita kuwa yarinyar, ta riƙe lissafin shago ko ta kama aiki a wani wuri shekara 2 ko 3, sannan ta shiga na asali da idonta a buɗe. Na ƙara masa da cewa ya fara ware kuɗinta tun yau, a gaban mahaifiyarta. Mun sha ganin yadda "bari yayanki ya gama" ke zama ƙarshen karatun 'ya mace a Zango.

Kafin ku biya ko sidi ɗaya, ku tabbatar hukumar GTEC mai kula da manyan makarantu ta amince da kwas ɗin. Ku karɓi jadawalin darasi ku duba lokacin sallar Juma'a. Sannan ku tambayi yaron: wace matsala ta shagonmu karatun nan zai warware? In ya yi shiru, a ɗan dakata.

Allah Ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa.