Ku Daina Sayar wa Matasanmu Tarkace da Sunan Sutudiyo

Raina a ɓace yake da irin cinikin da ake yi da matasanmu masu son ɗaukar murya a gida. Yaro ya yi wata da watanni yana tarin kuɗi, wani daga ɗinki, wani daga tuƙin adaidaita, don ya mallaki saun-kad, wato na'urar da ke karɓar murya daga makirufo ta miƙa wa kwamfuta. Ya shiga shago bai san komai a kai ba, mai shagon kuma ya karanci hakan a fuskarsa. Sai a miƙo masa ɗan akwatin nan da ake kira V8, mai maɓallin tafi da na dariya da fitilu kala-kala, a haɗa masa da makirufo BM-800 mai ruwan gwal, a ce masa ya gama haɗa sutudiyo. Wannan cuta ce, kuma masu yin ta sun san cuta suke yi.

An ƙera V8 ne don masu hira kai tsaye a waya da masu rera waƙa don nishaɗi. Ba shi da ramin XLR mai ƙafa uku da makirufon sutudiyo ke shiga, ba ya ba da wutar bolt 48 da makirufon kondensa ke buƙata, amsa-kuwwar da yake saka wa murya kuma tana shiga cikin abin da aka ɗauka ta zauna daram. In sha'iri ya kai wa mai haɗa sauti irin wannan murya, babu yadda za a yi a wanke ta. Mai karanta littattafan Hausa a YouTube, da ɗalibin da ke son ɗaukar ƙira'arsa, da yarinyar da ke son fara shirin tattaunawa, duk haka ake raba su da kuɗinsu, sannan su koma gida suna zargin muryarsu.

Wanda ya tsallake wannan tarko, na biyu na jiran sa, shi ne lambobin jikin kwali. Za a nuna masa 192 kHz da manyan baƙaƙe kamar a nan ingancin yake. Kunnen ɗan Adam, ko na matashi mai lafiya, bai wuce jin 20 kHz ba. Faifan CD da ya fito kasuwa a 1982 a kan 44.1 kHz yake, harkar fim da bidiyo kuma a kan 48 kHz take tafiya har gobe. Abin da 192 zai ƙara wa mai ɗaukar murya a ɗaki shi ne fayil mai nauyi ninki huɗu na 48, da kwamfutar da za ta riƙa sarƙewa. Lamba ɗaya ce a kwalin ta cancanci a duba, bit 24, don tana ba mutum sararin ɗaukar murya ƙasa-ƙasa ba tare da ta fashe ba in ya ɗaga.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da ba a faɗa sam. Yawancin masu aikin sauti a wajenmu a kan Windows suke, da FL Studio ko Cubase, kuma a Windows rayuwar saun-kad tana hannun direbansa, manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta. Tsarin da ake dogara da shi sunansa ASIO, kamfanin Steinberg na Jamus ne ya fito da shi a 1997. Saun-kad mai direban ASIO na kansa zai bar ka ka sauko da bafa, wato ma'ajiyar sauti ta wucin gadi, zuwa 128, jinkirin da a kan 48 kHz bai kai kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ba. Wanda ba shi da nasa sai ka koma ga direban gama-gari ASIO4ALL, ka yi ta fama da katsewa da jinkiri. Mawaƙin da ke jin muryarsa tana dawo masa a makare a cikin hedifon ba zai taɓa zama a kan kiɗa ba, komai ƙwarewarsa. Ko a cikin kayan kamfani ɗaya akwai wannan bambanci: UM2 da UMC22 na Behringer da ASIO4ALL ake amfani da su, UMC202HD kuwa yana da direbansa. Wane mai shago ne ya taɓa zaunar da yaro ya yi masa wannan bayani? A duba kuma ko akwai maɓallin sauraron kai tsaye, wanda ke turo muryar kunne kafin ta bi ta kwamfuta.

Sai ƙarfin ɗaga murya. Matasa sun ga Shure SM7B a gaban masu shirye-shirye na Amurka, kowa shi yake mafarki. Wannan makirufo yana son ƙarfi wajen desibel 60. Saun-kad ɗin Scarlett na Focusrite zubi na uku, na 2019, a 56 ya tsaya, sai 2i2 zubi na huɗu da ya fito a 2023 ya kai 69. In ka haɗa makirufo mai yunwar ƙarfi da saun-kad mai rauni, za ka murɗe maɓallin har ƙarshe, ka samu murya da "shuuu" a bayanta. Makirufon kondensa irin AT2020 ba ya son ƙarfi haka, amma dole sai da bolt 48. Don haka makirufo ake fara zaɓa, sannan a nemo masa saun-kad. A kuma ƙirga ramuka da kyau: Scarlett Solo makirufo ɗaya yake ɗauka, ɗaya ramin na jita ne da makamantansa. Mai shirin hira da baƙo, ko mai son ɗaukar murya da kalangu a lokaci guda, Solo ba nasa ba ne.

Ina kuma da magana da manyan sutudiyo masu ce wa yara in ba jan akwatin Focusrite ba ne, ba kaya ba ne. Scarlett kaya ne mai kyau, tun 2011 yake kasuwa, amma 2i2 sabo wajen dala 200 ne, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya san abin da dala 200 ta koma. Ga EVO 4 na Audient, ga AudioBox na PreSonus, ga UMC202HD ɗin nan, duk suna ɗaukar murya tsaf. Tura yaro cin bashi saboda launin akwati rashin tausayi ne.

Mugun sautin da ke fitowa daga ɗakunanmu ma galibi ba daga saun-kad yake ba. Bangon siminti ne tsirara, da tayil, da fanka, da janaretan maƙwabci. Gurnanin nan mai kauri da ke bin murya na wutar lantarki ne mai 50 Hz, ga gidaje da yawa ba a yi musu wayar ƙasa ba; sau da yawa cire cajar laftof a ɗauka a kan batir yana kashe shi. Katifa a jingine da bango, da bargo mai kauri, da labule, da darduma sun fi canjin saun-kad tasiri nesa ba kusa ba. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango kuwa ba ya tare ƙarar waje, wahala ce kawai da tara ƙura.

Ga 'yan kasuwa masu tsoron Allah, kuma akwai su, ku tambayi mai saye aikin da zai yi da makirufon da yake da shi kafin ku ɗauko kwali. Kai kuma ƙanena, je shago da laftof ɗinka da makirufonka da hedifon. A jona a gabanka, ka ɗauki muryarka, ka yi shiru ka ɗauki shirun ma, ka saurara. Ka duba lambar jikin na'urar ka yi mata rajista a shafin kamfanin tun kana tsaye, don jabu na yawo. In mai shago ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, kuma kaya in ya fita ba ya dawowa, ɗauki kuɗinka ka je shago na gaba.