Farin Fenti Ba Iri Ɗaya Ba Ne

Salon gida irin na masana'anta ya yi suna ne a unguwar Soho ta birnin Niyok. Tun shekarun 1960 masu zane suka tare a tsofaffin masana'antun wurin, suka bar jan bulo da ginshiƙan ƙarfe da bututu a fili. A irin wannan gida ban yarda da farin fenti mai ratsin shuɗi ba. Siminti da ƙarfe sun riga sun sanyaya ɗakin; in an ƙara musu wannan farin, sai falo ya koma kamar ɗakin tiyata. Farin da ya ɗan karkata zuwa ruwan madara shi ke jituwa da bulo da katako. Sai batun sheƙi. Fenti mai ƙyalli yakan tona duk wani kumburi da tsaga na tsohon bango, musamman inda manyan tagogi ke kwararo haske ta gefe, marar sheƙi kuwa ya rufa masa asiri. A bar mai ƙyallin ga kicin da banɗaki da ƙofofi, inda ake yawan gogewa. Bulon kuwa, don Allah a ƙyale shi: fenti na toshe ramukansa ya riƙe danshi, kuma kankare shi daga baya jan aiki ne.