A fara gwajin ƙwaya daga masu riƙe da ragama

Duk sa'ad da aka tayar da zancen shaye-shaye, matasa ake nuna wa yatsa: ɗan acaɓa, ɗan tasha, yaron da ke raɓe a kangon bayan gari. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da kayan maye cikin shekara guda, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Jama'a mai yawa haka ba za ta ƙare a tasha ba. A cikinta ake samun ɗan takara, a cikinta ake samun mai wa'azi. A jihar Katsina, Kankiya tana kan hanyar Kano zuwa Katsina, Kusada kuma tana maƙwabtaka da ƙasar Kano, don haka abin da ke yawo a kasuwannin manyan birane ba ya daɗewa bai iso su ba. Ba mu zargin wani shugaba a waɗannan ƙananan hukumomi. Muna dai cewa hankalin mai jan ragamar mutane amana ce ta jama'a, kuma jama'a na da haƙƙin ta tabbatar yana nan daram.

Mafi muni a hannun shugaba su ne kayan da ke sa mutum ganin abin da babu shi. Ba sai an je nesa ba, ga zakami nan yana tsirowa a juji, da farin furensa da 'ya'yansa masu ƙaya. Wanda ya sha shi bakinsa kan bushe, ƙwayar idonsa ta buɗe, zuciyarsa ta riƙa dukan uku-uku, ya yi ta hira da mutanen da ba su nan, yana tsintar abin da ba ya ƙasa, gari ya waye bai tuna komai ba. Wiwi mai ƙarfi ma yakan jefa wasu cikin zargin kowa da jin muryoyi. Talaka in ya faɗa wannan hali, shi da iyalinsa ke shan wahala. Shugaban ƙaramar hukuma kuwa shi ke sa hannu a kuɗin jama'a, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma shi ke zama da jami'an tsaro a jihar da 'yan bindiga suka addaba. Mutumin da maye ke nuna wa maƙiyi a kowane lungu zai iya sa a kama wanda bai ji ba bai gani ba.

Mayen malami ya fi wuyar ganewa, domin mabiya ba sa tuhumar abin da ya faɗa. Idan ruɗin maye ya zo masa, ya ɗauka kashafi ne ko ilhami, ya hau mumbari ya ce an nuna masa wane maye ne ko wane munafuki, a ranar za a iya kashe aure ko a zubar da jini. Addini bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. Kiyaye hankali na cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare, hankali kuma sharaɗi ne na limanci. Tun ƙarni na 13 malamin Malikiyya Alƙarafi ya bambanta abin da ke bugarwa da abin da ke ɓata hankali da abin da ke gusar da ji da gani, bai halatta shan ko ɗaya a gwargwadon da zai taɓa hankali ba. Saboda haka masu cewa ai ganye ne, ba giya ba ce, ba su da madafa.

Za a ce gwajin ƙwaya cin mutunci ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma wanda ya nemi a damƙa masa dukiyar jama'a ya riga ya yarda a bincike shi. A Kano an gwada 'yan takarar ƙananan hukumomi kafin zaɓen 2021, aka samu 13 da ƙwaya a jikinsu. Shugaban hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, Buba Marwa, ya nemi jam'iyyu su yi haka a 2022. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa mai mulki na iya mayar da gwajin makamin kayar da abokin hamayya, mashayi na iya ƙauracewa na 'yan kwanaki ya tsallake, sannan gwajin fitsari na yau da kullum ba ya kama zakami. Duk gaskiya ne, kuma dalili ne na a inganta aikin: a yi shi ba sanarwa, a maimaita bayan an hau kujera, likitan ƙwaƙwalwa ya duba mutum, wanda bai gamsu ba a sake gwada shi a wani ɗakin bincike, wanda aka samu kuma a kai shi magani a asirce. Malamai kam ba gwamnati ce ya dace ta jera su a layi ba. Aikin masarauta ne da kwamitocin masallatai su tantance wanda za a ba mumbari.

Muna kira ga 'yan majalisar dokokin jiha masu wakiltar Kankiya da Kusada su kai ƙuduri da zai sa wannan gwaji cikin dokar zaɓen ƙananan hukumomi 34 na Katsina, kuma su fara miƙa kansu a gwada su.