Bayan dashen ƙoda, a saurari jini

A watan Disamba na 1952, a asibitin Necker na birnin Pari, likitoci suka dasa wa wani saurayi ɗan shekara 16, Marius Renard, ƙodar mahaifiyarsa. Ta yi aiki sati uku, sa'an nan jikinsa ya ƙi ta, ya rasu. Aikin wuƙa ya yi kyau; abin da ya gagara shi ne hana jiki yaƙar baƙuwar ƙoda. Yau akwai magungunan da ke kwantar da wannan yaƙi, amma sau da yawa yakan taso a ɓoye, ba zazzaɓi, ba ciwo. Jini ne ke fara tona shi.

Awon da aka fi sani shi ne na kireyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa. In ya hau, ƙoda ta gaji. Sai dai mai ba da labari ne maras hanzari: ƙoda na iya rasa wajen rabin ƙarfinta kafin ya wuce iyaka. Awon CRP, wanda hanta ke ƙerawa in kumburi ya tashi, ya fi shi sauri, amma ba ya rarrabe ƙin dashe da shigar ƙwayar cuta. Ga sabon awo kuma, mai neman gutsattsarin ADN na mai kyautar ƙoda cikin jinin wanda aka dasa wa. In sun haura 1 bisa 100, alama ce ƙodar na jin rauni. Yana da tsada, kuma har yanzu hukunci na ƙarshe sai an tsinko ɗan nama an duba. Maganin takrolimus kansa sai an auna shi cikin jini: in ya yi kaɗan jiki ya ƙi ƙodar, in ya yi yawa ya lalata ta.

Ga inda zancen ya shafe mu. Iyali sukan sayar da gona da bisashe su kai nasu waje, ko Kano inda ake dashen tun 2002, ya komo Maraɗi ko Tawa, ya ji garau, ya bar awo saboda nisa da kuɗi. Wannan asara ce biyu, domin mai kyautar ma ya zauna da ƙoda guda. Muna kira ga magabatan kiwon lafiya su lissafa awon bayan dashe cikin kuɗin dashen tun farko, su kuma shirya yadda za a ɗebi jinin a babban asibitin kowace jiha, a aika Yamai, amsa ta iske likita cikin kwanaki kaɗan.