Sharhi: Wa ke cin gajiyar rangwamen harajin kuɗin raino a Amurka?

Daga shekarar haraji ta 2026, rangwamen da iyaye ma'aikata a Amurka ke samu kan kuɗin rainon 'ya'yansu zai iya kaiwa kashi 50 cikin 100, maimakon kashi 35, bisa dokar da Shugaba Donald Trump ya rattaba wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025.

Sai dai ba kowane kuɗi hukumar tara haraji ta ƙasar, IRS, ke lissafawa ba. Dole ne a biya shi domin iyaye su samu damar yin aiki ko neman aiki, kuma yaron ya kasance bai cika shekara 13 ba. Rangwamen ya haɗa da miji, mata ko ɗan uwan da ba ya iya kula da kansa, muddin yana zaune a gidan fiye da rabin shekara.

Kuɗin gidan raino da ladan mai raino a gida suna shiga lissafi. Kuɗin makarantar firamare da na sansanin hutun da yara ke kwana ba sa shiga, haka ma abin da mutum ya biya ɗansa da bai kai shekara 19 ba don ya riƙe ƙannensa. Ana kuma rubuta sunan mai rainon, adireshinsa da lambar harajinsa a fom mai lamba 2441.

Inda gizo ke saƙar shi ne iyakar kuɗin da ake lissafawa: dala 3,000 ga mutum ɗaya, dala 6,000 ga biyu ko fiye. A nan adadin yake tun 2003, duk da tashin farashin raino.

Bugu da ƙari, rangwamen na rage harajin da ake bin mutum ne kawai, ba a ba shi ragowar a hannu. Kashi mafi tsoka na masu ƙaramin albashi ne, alhali yawancinsu ba a bin su harajin da za a rage.

A 2021, lokacin annobar korona, gwamnatin Joe Biden ta ɗaga iyakar zuwa dala 8,000 da 16,000, ta kuma biya ragowar a hannu, amma na shekara ɗaya tak. Matuƙar Majalisar Dokokin ƙasar ba ta dawo da wannan tsari ba, masu matsakaicin samu ne za su fi amfana da ƙarin.