Hoton Takarda Ba Takarda Ba Ne A Wurin Makaho

Akwai wani nau'in zalunci da ake yi wa makafi a ƙasar nan ba tare da sanda ko bindiga ba, kuma masu yin sa suna zaune ne a ofisoshi masu sanyi suna ganin aikin kirki suke yi.

Makaho a yau yana karatu da waya ko kwamfuta, ta hanyar manhajar da ke furta masa abin da ke rubuce. Akwai TalkBack a wayoyin Android, akwai VoiceOver a iPhone, akwai kuma NVDA, wadda wani matashi makaho ɗan ƙasar Ostireliya, Michael Curran, ya fara haɗawa a 2006, ake raba ta kyauta. Amma duk waɗannan haruffa suke bi. To sai ma'aikaci ya buga sanarwar ɗaukar aiki ko jerin sunayen ɗalibai, ya fitar da ita a takarda, a sa hannu, a doka hatimi, sannan ya ɗauki hotonta ya watsa da sunan PDF. Mai ido zai ga rubutu, manhajar makaho kuwa hoto ta tarar, sai ta yi tsit. Ke nan sai ya nemi ɗan jagora ya karanta masa, ko da takardar asibiti ce mai ɗauke da sirrinsa.

Abin takaicin shi ne, mahukunta ba za su ce ba su sani ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, wadda ta ambaci haƙƙin samun bayanai ƙarara. Ta amince da yarjejeniyar Marrakesh a 2017. A Janairun 2019 Buhari ya rattaba hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, a 2020 aka kafa musu hukuma. Ina amfanin tulin sa hannu in har sanarwar ofis ba ta karantuwa?

Gyaran kuma ko sisi ba ya ci. A adana takardar kai tsaye daga inda aka buga ta, haruffanta na nan. A yi wa kanun magana alamar kanu, a rubuta bayani a kan kowane hoto. In hatimi ya zama dole, a haɗa hoton da rubutaccen kwafi.

Nauyin bai tsaya kan mahukunta ba. Matasan da ke shagunan buga takardu, da masu tura littattafai da darussa a WhatsApp, su ma hannunsu na ciki. Duk wanda ya tura hoton shafi alhali rubutun na hannunsa, ya rufe wa ɗan'uwansa ƙofa ne da kansa. Allah ya ganar da masu yi.